Suna linzami ne, amma a hannun wa yake?

A ɗauka akwai wani dattijo a birnin Newcastle da ke arewacin Ingila, wanda ya buɗe asusun ajiya a Northern Rock a 1990, kuma tun daga ranar bai taɓa ɗaga kuɗinsa ya kai wani wuri ba. Ran da ya buɗe asusun, shi da sauran masu ajiya da masu cin bashi su ne masu gida, domin Northern Rock a lokacin ƙungiyar gina gidaje ce ta mambobi, ba ta zama banki ba tukuna. A 1997 aka mai da ita kamfani, ta koma ta masu hannun jari. A Fabrairun 2008 gwamnatin Birtaniya ta karɓe. A farkon 2012 gwamnati ta sayar wa Virgin Money ɓangaren da ke riƙe da ajiyar jama'a. A 2018 kamfanin da ya mallaki bankunan Clydesdale da Yorkshire ya saye Virgin Money, sannan ya yar da nasa sunan ya ɗauki na wanda ya saya. A Oktoban 2024 kuma Nationwide, wata ƙungiyar gina gidaje ta mambobi, ta haɗiye su gaba ɗaya a kan fam biliyan 2.9.

Dattijon nan yana zaune wuri guda, gidan ya sauya hannu sau biyar a kansa. Sau ɗaya tak aka nemi jin ta bakinsa, a 1997, kuma abin da aka tambaye shi ran nan shi ne ko ya yarda ya sayar da haƙƙinsa na a riƙa jin ta bakinsa. Mafi yawan irinsa suka ce sun yarda.

Wannan kuri'ar ce ta tsaya mini a rai, ita da ire-irenta guda tara. A ganina waɗanda suka kaɗa ta sun sayar da abin da ba nasu kaɗai ba ne, kuma abin da masu saye suka fi so a cikin kayan shi ne sunan da ke kan allo. Amma kafin a kai can, sai an san mene ne ma wannan ƙungiyar gina gidaje.

Duk wanda ya taɓa shiga adashi ya riga ya san rabin labarin. A 1775, a wata mashaya mai suna Golden Cross da ke Birmingham, mai wurin, Richard Ketley, ya haɗa mutane suka riƙa zubi duk wata don kowa ya samu gidan kansa. Ita ce ƙungiya ta farko irin wannan da tarihi ya riƙe. Yadda irinsu suke aiki ba wani boyayyen abu ba ne: a tara kuɗi, in sun isa gida ɗaya sai a gina wa mutum ɗaya, sau da yawa ta hanyar jefa kuri'a don a san mai kwasa, a ci gaba da zubi har na ƙarshe ya shiga ɗakinsa. Daga nan sai a rufe littafi kowa ya kama gabansa, kamar yadda uwar adashi take sallamar mutane in zagaye ya cika. Irin waɗannan masu wa'adi sun daɗe ƙwarai, ta ƙarshensu sai a 1980 aka rufe ta a garin Salisbury.

Aibin adashi kowa ya san shi: na ƙarshe yana jira har ya gaji. Saboda haka daga shekarun 1840 aka fito da wata dabara. Ƙungiya ta daina rufewa. Ta buɗe ƙofa ga wanda ba gida yake nema ba, ajiya kawai yake so ya yi a ba shi ɗan kuɗin ruwa, sai a ɗauki ajiyarsa a ranta wa mai neman gida, gidan ya zama jingina. Shi ya sa za ka ga kalmar Permanent a cikin tsofaffin sunayensu, wato mai ɗorewa. Sauran sunan kuwa yawanci na gari ne ko na unguwa: Woolwich a 1847, Halifax, garin masaƙan ulu a Yorkshire, a 1853, Bradford da Bingley kowace da tata a 1851 kafin su haɗe a 1964. Sunan yana gaya maka su wane ne suka tara kuɗin, kuma a ina za ka same su in wani abu ya taso. A 1910 akwai irin waɗannan ƙungiyoyi fiye da 1,700 a Birtaniya. Yau arba'in ne da 'yan kai.

Abin da ya raba su da banki shi ne mallaka. Banki na masu hannun jari ne, mai ajiya baƙo ne da ya kawo kuɗinsa. A ƙungiya kuwa mai ajiya da mai cin bashi su ne mambobi, kowa da kuri'a ɗaya, mai fam ɗari da mai fam dubu ɗari duk ɗaya suke ran taro. Babu wani na waje da ake raba wa riba. Rarar da aka samu a shekara sai a zuba ta a asusun ko-ta-kwana, baɗi a ƙara, baɗin baɗaɗa a ƙara. Ka riƙe wannan asusun a ranka, a kansa duk rigimar take.

Tarihin ƙungiyar Abbey National yana da wani abin ban takaici da ban taɓa iya wucewa ba tare da na tsaya ba. Rabinta ɗaya, National, an kafa shi a 1849, kuma cikin waɗanda suka kafa shi akwai ɗan majalisa Richard Cobden. A zamanin, in namiji ya mallaki fili mai wata daraja da doka ta yanka, yana samun damar kaɗa kuri'ar zaɓen majalisa a gundumomi. Sai suka riƙa sayen manyan filaye suna yankawa suna sayar wa talakawa, don mutum ya samu fili ya samu murya. Ɗaya rabin kuma an kafa shi a 1874 a wata majami'a da ke kan titin Abbey Road a Landan, daga nan sunan ya fito. Suka haɗe a 1944. To wannan gida da aka gina don a ba mutane kuri'a, shi ne na farko da mambobinsa suka yi amfani da kuri'arsu suka sallama ta. A Yulin 1989 Abbey National ta zama kamfani a kasuwar hannayen jari. Kowane mamba ya samu hannun jari 100 kyauta, ana sayar da kowane ɗaya fam 1.30. Fam 130 ke nan. Abin da aka saye muryar mutum da shi ke nan.

Ƙofar da suka bi dokar 1986 ce ta buɗe ta, a zamanin Margaret Thatcher. Dokar ta sakar wa ƙungiyoyin mara su yi wasu ayyukan banki, ta kuma ba su damar rikiɗa su zama kamfani idan kashi 75 cikin ɗari na masu ajiyar da suka kaɗa kuri'a suka amince, tare da rinjayen masu cin bashi. Da farko Abbey ce kaɗai ta fita. Sai a 1995 bankin Lloyds ya zo da fam biliyan 1.8 ya saye Cheltenham & Gloucester, aka raba wa mambobi kuɗi a hannu, wasu suka kwashi dubbai. Daga nan idon kowa ya buɗe. A 1997 kaɗai Alliance & Leicester da Halifax da Woolwich da Northern Rock suka shiga kasuwar hannayen jari, Bristol & West kuma ta faɗa hannun Bank of Ireland. Mutum wajen miliyan bakwai da rabi ne suka samu rabon Halifax, kuma ko mafi ƙarancin rabo ya haura fam dubu.

Nan aka samu wasu mutane da sana'arsu ta zama buɗe asusu. Mutum zai zagaya ƙungiya goma ko ashirin yana ajiye fam ɗari ɗari, ba gida yake nema ba, ba ajiya ta dame shi ba, jira yake a fasa kowa ya samu. 'Yan cin bulus ke nan. Har ta kai wasu ƙungiyoyin sun ɗaga mafi ƙarancin abin da za a buɗe asusu da shi, wasu sun daina karɓar wanda ba ɗan yankinsu ba. A Bradford & Bingley shugabannin ma ba su so a sayar ba, wani mamba ne, mai aikin gyaran famfo, ya kawo ƙudurin a 1999, mambobi suka bi shi suka bar shugabanni, aka shiga kasuwa a Disambar 2000.

To wannan kuɗin da aka raba, daga ina ya fito? Ba daga ajiyar mamba ba, ajiyarsa tana nan ba a taɓa ta ba. Darajar asusun ko-ta-kwanan nan ce, da rassa, da suna, da amincin da aka shekara ɗari da hamsin ana ginawa. Masaƙin Halifax na 1870 da ya biya kuɗin ruwa ɗan sama da abin da ya kamata, da bazawarar da ta karɓi ladan ajiya ɗan ƙasa da abin da za a iya ba ta a 1930, su suka tara shi, kuma ba wanda ya ce a ba shi kasonsa ran da zai fita. Sun bar shi ne don wanda zai zo neman gida bayansu. A wurinmu abin da ya fi kama da wannan shi ne gonar gandu, ko ma wakafi: kana ci, kana noma, kana gyara, amma ba kai ka share dajin ba, kuma akwai waɗanda ba a haifa ba da suke da rabo a ciki. Mutumin da ya buɗe asusu a 1995 ya karɓi kaso a 1997 daidai yake da wanda ya zo ci-rani kaka biyu, aka sayar da gandu aka lissafa da shi. Doka ta halatta, ban musa ba. Sai dai dokar ta tambayi masu rai ne kurum, su kuwa matattu da waɗanda ke tafe ba su da akwatin zaɓe.

Akwai masu cewa ina yi wa tsofaffin ƙungiyoyin kwalliyar da ba su da ita, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Har zuwa 1983 ƙungiyoyin kan haɗa baki ne su yanka kuɗin ruwa iri ɗaya, kuma Abbey National ce ta fara ɓallewa daga wannan haɗin bakin. Mai neman bashin gida sai ya shekara yana ajiya, ya sa rigarsa mai kyau ya je gaban manajan reshe, a sa shi a layi. Mace mai zaman kanta takan sha wuya kafin a ba ta bashi ba tare da sa hannun namiji ba. Mambobi miliyoyi ne a takarda, amma 'yan ƙalilan ke zuwa taron shekara, daraktoci su ke zaɓo waɗanda za su gaje su. In haka ne, in ji masu wannan ra'ayi, mallakar mamba ai tatsuniya ce, gara a ba shi fam dubu biyu ya san ya ci wani abu. Suka ƙara da cewa kamfani yana iya neman jari a kasuwa ya faɗaɗa, ƙungiya kuwa sai abin da ta tara.

Na yarda da cutar da suka gano, maganinsu ne ban yarda da shi ba. In masu gida sun yi sakaci har wakili ya zama sarki, abin yi shi ne a tashe su, a ƙarfafa musu hannu. Sayar da gidan ba ya hukunta wakilin, hasali ma shi ya fi kowa cin riba, don daraktocin da suka kai ƙungiyoyinsu kasuwa albashinsu ya koma irin na manyan bankuna, ga garaɓasar hannun jari. Batun neman jari a faɗaɗa kuwa, an faɗaɗa ɗin, mun kuma ga inda aka kwana.

Ƙungiyoyi goma ne suka bar hannun mambobi tsakanin 1989 da 2000. Babu ko ɗaya a cikinsu da ta rage tana cin gashin kanta. Barclays ya saye Woolwich a 2000. Halifax ta haɗe da Bank of Scotland a 2001 suka zama HBOS, wanda ya durƙushe a Satumbar 2008 aka jingina shi da Lloyds TSB, sannan gwamnati ta zuba wa haɗakar sama da fam biliyan 20 na masu biyan haraji. Adalci ya sa in ce babban ramin HBOS bashin manyan 'yan kasuwa ne da ɓangaren Bank of Scotland ya bayar, amma ai ƙungiyar gina gidaje ba za ta taɓa samun kanta a wannan ɗakin ba tun farko. Bradford & Bingley ta zurma cikin ba da bashi ga masu sayen gidajen haya da waɗanda ba a tantance samunsu ba, gwamnati ta karɓe ta a ƙarshen Satumbar 2008.

Northern Rock ce ta fi kowa nuna inda gizo ke saƙa. Doka ta ɗaure ƙungiyar gina gidaje da igiya biyu: aƙalla rabin kuɗin da take juyawa ya fito daga ajiyar mambobi, kuma aƙalla kashi uku cikin huɗu na bashin da take bayarwa ya zama na gidajen zama. Da Northern Rock ta zama banki sai igiyar ta tsinke. Ta riƙa ciwo bashi na ɗan gajeren lokaci daga kasuwannin kuɗi na duniya tana ba mutane bashin shekara ashirin da biyar, har ya zama kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗinta ba daga masu ajiya yake fitowa ba. Tana da wani tsari da take ba mutum har kashi 125 cikin ɗari na darajar gidan da zai saya. Kayan aro ba ya rufe katara. Da rikicin bashin gidaje na Amurka ya sa bankuna suka daina ranta wa juna a watan Agustan 2007, sai ta ruga Babban Bankin Ingila neman agaji. Labari ya fita, ranar 14 ga Satumba mutane suka yi dogayen layuka a ƙofar rassanta suna kwashe kuɗinsu, abin da Birtaniya ta yi kusan shekara ɗari da hamsin ba ta gani ba. Da aka zo karɓewa, masu hannun jarin, har da tsofaffin mambobin da suka riƙe rabonsu na 1997 suna ganin sun ajiye wa jikoki, ba su tashi da ko sisi ba.

Yanzu a dubi abin da aka yi da sunayen, don a nan ne ake gane abin da mai saye ya biya wa kuɗi.

Bankin Santander na Sifaniya, wanda shi ma sunan garinsu ya ɗauka tun 1857, ya saye Abbey a 2004 a kan wajen fam biliyan 9. A rikicin 2008 ya ƙara da Alliance & Leicester, ya kuma karɓi rassa da ajiyar Bradford & Bingley daga hannun gwamnati. Ya bar sunayen sun ɗan yi masa aiki har mutane suka saba da jan tambarinsa, sannan a 2010 ya sauke allunan duka ukun ya kafa nasa. Wannan ko ba komai ya fito fili ya ce ga mai gida. Lloyds kuwa ya bi ta wata hanya, ya bar sunan Halifax a kan tituna, mutane suna shiga suna ganin kamar gidan da kakanninsu suka sani ne, alhali suna ne kawai da Bank of Scotland ke kasuwanci da shi a ƙarƙashin Lloyds.

Wani zai ce to mene ne a ciki, in dai kuɗina suna nan? Akwai abu a ciki. Inshorar ajiya a Birtaniya ba da sunan da ke kan allo take lissafi ba, da lasisin banki take yi. Shekaru da dama, har zuwa ƙarshen Nuwamban 2025, iyakar abin da za a biya mutum in banki ya rushe fam 85,000 ce a kan kowane lasisi. Wanda ya raba kuɗinsa biyu, rabi a Halifax rabi a Bank of Scotland, yana ganin ya yi dabara, a kwando ɗaya ya zuba ƙwansa, don lasisinsu ɗaya. 'Yan uwanmu da ke aiki ko karatu a can, wannan ya shafe su kai tsaye.

Labarin TSB ya fi duka ban mamaki. Asalinsa bankunan ajiyar talakawa ne da wani limamin coci, Henry Duncan, ya fara a ƙauyen Ruthwell na Sikotilan a 1810, amintattu ke riƙe da su, ba mai hannun jari. Da aka zo sayar da shi a 1986 sai aka rasa wa za a ce shi ne mai shi. Masu ajiya suka je kotu suka ce namu ne, kotun ƙoli ta lokacin ta ce abin da ke nasu shi ne ajiyarsu da ladanta, ba abin da ya wuce haka. Kuɗin cinikin ma cikin bankin aka mayar da su. A 1995 ya narke cikin Lloyds. Bayan an ceci Lloyds da kuɗin gwamnati, Tarayyar Turai ta ce dole ya rage ƙiba, sai ya ware rassa 631, da yawansu tsofaffin rassan Cheltenham & Gloucester ne, ya tono sunan TSB daga kabari a 2013 ya liƙa musu. Miliyoyin mutane suka wayi gari a bankin da ba su taɓa zaɓa ba, ana yi musu tallar limamin Ruthwell. Shekara biyu bayan nan Sabadell na Sifaniya ya saye shi a kan fam biliyan 1.7, a Yulin 2025 kuma aka sanar cewa Santander ya daidaita da Sabadell zai karɓa a kan biliyan 2.65. Tsohon mamban Cheltenham & Gloucester da tsohon mamban Abbey, ga ciniki na haɗa su a inuwa ɗaya ba tare da ɗayansu ya taka ƙafa ba.

Mu ma Turawan mulki sun kawo mana samfurin abin. A 1956 aka kafa Nigerian Building Society, sai dai tun ran farko ba ta mambobi ba ce, ta gwamnati ce da hukumar raya ƙasashen renon Ingila, kuma a 1977 ta koma Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya. Suna muka samu, ba mu samu mallakar ba. Abin da ya fi kusa da ainihin ruhin Ketley a wurinmu shi ne ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata da ke yankar albashi suna saya wa mambobi filaye, kuma ga wanda ke gudun kuɗin ruwa, tsohon tsarin mai wa'adi ya fi kusa da abin da zai iya shiga da kwanciyar rai. Ranar da irin waɗannan suka yi ƙiba, tambayar 1997 za ta ƙwanƙwasa musu ƙofa.

Kada kuma a ɗauka waɗanda suka tsaya a hannun mambobi waliyyai ne. Dunfermline, babbar ƙungiyar Sikotilan, ta rushe a Maris 2009 saboda bashin gine-ginen kasuwanci. Derbyshire da Cheshire sai da Nationwide ta ɗauke su a 2008. Britannia ta haɗe da Co-operative Bank a 2009 ɗauke da ruɓaɓɓen bashi, a 2013 aka gano ramin fam biliyan 1.5, kamfanonin zuba jari na Amurka suka karɓe ragama, kafin ƙarshen 2017 ƙungiyar gama-kan da ta haifi bankin tun 1872 ba ta da ko ƙwayar hannun jari a cikinsa. Amma allon bai canja ba, ya ci gaba da cewa Co-operative, wato na gama-kai. Sai a farkon 2025 ƙungiyar Coventry ta saye shi a kan fam miliyan 780, sunan ya sake komawa kusa da gaskiya. Bambancin dai shi ne mafi yawan ƙungiyoyin da suka yi tuntuɓe 'yan uwansu ne suka tallafe su, kuma asarar ba ta kama ƙafar ta waɗanda suka fita kasuwa ba.

Nationwide, wadda ta fara a 1884 a matsayin ƙungiyar 'yan gama-kai ta kuma ɗauki wannan suna a 1970, ita ce mafi girma da ta tsira, kuma da ƙyar ta sha. A Yulin 1998 aka kaɗa kuri'a kan ko a sayar, masu cewa a'a suka samu kashi 50.8, tazarar kuri'a dubu talatin da uku da 'yan ɗaruruwa cikin fiye da miliyan biyu. Tun kafin nan, a ƙarshen 1997, shugabanninta sun fito da wata takarda da duk sabon mamba sai ya sa wa hannu: in har wata rana aka sayar, rabonsa ya tafi gidauniyar taimako. Dabara ce mai kyau, ta kashe kasuwar 'yan cin bulus, kuma ta yi daidai da abin da nake cewa, cewa dukiyar ba ta masu rai kaɗai ba ce. Sai dai ta nuna cewa gidan ya tsira ne ta hanyar ɗauke nama daga gaban kura, ba don an shawo kan kurar ba.

Kuma daga nan wata tambayar ta taso, wadda ban ga masu yabon Nationwide suna son amsawa ba. Gaskiya ne ta riƙe rassanta a garuruwan da bankuna suka gudu, gaskiya ne tun 2023 tana raba wa miliyoyin mambobin da suka cika sharaɗi fam ɗari ɗari daga riba. Amma da ta tashi kashe fam biliyan 2.9 na dukiyar mambobi wajen sayen Virgin Money, ciniki mafi girma a tarihinta, masu hannun jarin Virgin Money sun kaɗa kuri'a a kan ko su sayar, mambobin Nationwide kuwa ba a ba su damar cewa ko a saya ba. Wasu sun tara sa hannu suna neman a yi zaɓe, shugabanni suka ce doka ba ta wajabta ba, kuma haka ne, ba ta wajabta ba. Mai yiwuwa cinikin ya yi kyau, ni ma ina zaton haka. Amma mai gidan da ake sayo masa gida na biyu da kuɗinsa, sai dai ya ji a rediyo, akwai sauran magana a kan irin mallakarsa. Cutar da masu son sayarwa suka nuna a shekarun 1990 ba ta warke ba.

Shi kuwa dattijonmu na Newcastle, ran 1 ga Oktoban 2024 ajiyarsa ta koma ƙarƙashin ƙungiyar mambobi bayan shekara ashirin da bakwai, amma ran nan bai zama mamba ba, abokin ciniki ne na wani banki da ƙungiyar ta mallaka, wanda a takardar lasisi sunansa Clydesdale, na birnin Glasgow, tun 1838. A kan allon reshensa kuma an rubuta Virgin, suna ne na haya, kamfanin Richard Branson ake biya kuɗinsa.